Lasifikar Ilyasu da Jeren Inna Kaltumi

A Garwa, zamanin mulkin Ahijo, shekarun da aka fara aikin tare Binuwai a Lagdo, an yi wani ma'aikacin awon ƙasa mai suna Ilyasu, wanda ya yarda da kunnensa fiye da yadda ya yarda da kowa. Jikan fataken goro ne da suka taso daga ƙasar Kano suka zauna a Tcholliré, amma shi bai taɓa ɗaure huhun goro ba. Lakwal aka sa shi, wato makarantar boko, ya wuce Yawunde, ya wuce Faransa, ya dawo da takardar aiki da kwat da akwati guda shaƙe da faya-fayan jaz, kiɗan nan na baƙaƙen Amirka wanda in ba ka saba ba sai ka ce makaɗan rigima suke yi da juna. Shi kuwa yakan lumshe ido ya ce yana jin numfashin mai busa ƙaho kafin ya busa, yana jin yatsan mai babbar goge, wadda ake tsayar da ita a ƙasa ana ja da hannu, yana zamewa a kan tsirkiya. Wataƙila gaskiya ne. Babu dai wanda ya ƙaryata shi a Garwa, don babu wanda abin ya dama.

Ilyasu ɗan fari ne, mahaifiyarsa Inna Kaltumi kuwa irin matan da ce, waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, in ya gaishe ta sai ta amsa tana duban gefe. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa wanda ke kusa, da murya daidai yadda zai ji: "Karimatu, ki ce wa mijinki hadari ya haɗo." In matar tasa Karimatu ba ta kusa, sai ta faɗa wa kyanwa.

Da mahaifinsu ya rasu ta fita takaba, sai aka zauna maganar inda za ta zauna. Ƙanen Ilyasu, Mahmudu, wanda ya gaji sana'ar goron, ya ce, "Yaya, ka bar ta a nan. Ni take iya zagi, ni take iya aika. A gidanka ko ƙaya ta taka ba za ta gaya maka ba."

Maganar ta soki Ilyasu. A gaban kawunnansa da goggonninsa ya ce waɗannan al'adun da ne, shi gidansa akwai lantarki da famfo, ga asibiti kusa, kuma shi ne babba. Ya ƙara da abin da babu wanda ya tambaye shi: in Inna ta zauna gidansa ta nemi dawowa da kanta, su kira shi da sunan da suka ga dama. Tsofaffi suka ci gaba da tauna goronsu. Can ƙasan wannan cika baki kuwa akwai wani abu da bai iya faɗa wa kowa ba: yana so, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ya kwana ya tashi gida ɗaya da uwarsa.

Gidan da gwamnati ta ba shi a unguwar ma'aikata ba irin gidanmu ba ne, inda ɗakin tsohuwa ke can ƙarshen tsakar gida shi kaɗai. Don Turawa aka gina shi, ɗakuna duk manne da juna ƙarƙashin rufi ɗaya. Ɗakin da aka ba Inna yana bayan falo, wanda a can ake kira salo, bango ɗaya siriri ya raba su. A jikin wannan bangon, ta cikin ɗakinta, aka kafa mata katakai ta yi jerenta: fanteka a ƙasa, kwalla a kansu, sannan kwanukan sha masu murfi, ɗaya kan ɗaya har kusa da rufi. Wasu na aurenta ne, wasu na uwarta, wasu mijinta ya sayo mata kowace shekarar da goro ya yi albarka. Duk matar da ta shigo gaisuwa jeren take fara kallo, daga nan ta san wace ce Kaltumi. Ilyasu bai taɓa shiga ɗakin ba, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta. In abokan aikinsa za su zo kuwa yakan sa Karimatu ta saki labulen ƙofar, don kada su hango kwanukan su ce gidan ɗan ƙauye ne. Yana yi yana jin kunyar abin da yake yi, amma bai fasa ba.

Abu ɗaya ne ya haɗa su. Kullum in ya dawo daga biro, wato ofis, zai tarar da ɗan ƙaramin kwano mai jan fure a kan teburinsa, an dama fura da nono an rufe. Babu wanda ya taɓa cewa ga wadda ta dama. Ya sani, ita ma ta san ya sani. Kwano ya zo cike, ya koma wayam, iyakar hirarsu ke nan, kuma ta ishe su.

Ana nan sai Ilyasu ya ga lokaci ya yi da zai daina sauraron jaz da ɗan garmahon da ya yi zaman ɗalibta da shi. Ya sayi sabon injin faifai da abin ƙara sauti, saura lasifika, kuma ita ce magana. Ya nufi kantin Raphaël a bayan babbar kasuwa. Raphaël Kirista ne, ɗan duwatsun arewa, ya koyi gyaran rediyo a wurin fada-fadan coci, yanzu yana kawo kayan sauti daga Duwala. Shi kaɗai ne a garin yake iya zaman faifai guda na jaz bai yi hamma ba, don haka suka zama aminai. Da Faransanci suke magana, sai in hira ta yi zafi su koma Hausa.

Ilyasu ya ce shi ba zai zaɓi lasifika a kanti ba. "Ɗakin da aka ajiye ta shi ne rabin muryarta, mon ami. A gida za a gwada." Raphaël ya ce, "To, malamin kunne, duk yadda ka ce."

Ran Lahadi da hantsi aka kawo na farko, guda biyu ƙirar Faransa, tsawonsu iya gwiwa. Ilyasu ya auna falo da igiyar awon ofis, ya jingina su da bangon da ya fi tsawo, wato bangon Inna, ya ajiye kujerarsa a tsakiya. Ya ɗora faifan da ya fi so, wanda a tsakiyarsa kowa ke yin shiru a bar mai babbar goge shi kaɗai. Ƙaho ya shigo tas. Fiyano ya biyo baya kamar ana zuba ruwa a randa. Da goge ta sauka can ƙasa, sai wani abu ya amsa mata: zirrr.

Ilyasu ya buɗe ido. "Ka ji?"

Raphaël ya ce ya ji wani abu kaɗan. Suka duba waya, suka duba allura, suka matsa gilashin taga, suka fitar da tiren shayi. Aka sake ɗorawa. Zirrr. Ilyasu ya yanke hukunci cewa akwatin lasifikar ne bai ɗauru ba, Faransawa sun iya turare amma ba su iya aikin kafinta ba. Ya riƙe su duk da haka yana ta gwaji kullum bayan la'asar, yana ƙara murya don ya kama inda ƙarar take.

Wani yammaci yana wucewa ta baranda ya ji Inna tana cewa kyanwa, "Ke, tashi daga nan. Bangon nan zazzaɓi yake yi kwanan nan."

Ilyasu ya yi dariya har cikin ransa. Washegari ma ya ba Raphaël labari, yana alfahari: ko tsohuwa ta shaida ƙarfin kayan. Mutumin da ke jin numfashin mai ƙaho a birnin da bai taɓa zuwa ba, ga uwarsa ta yi masa magana ƙarara irin tata, ya ɗauka yabo ne.

Na biyu ƙirar Ingila ne, tsawonsu iya ƙirji, katakonsu na sheƙi, sai da mutum huɗu suka shigo da su. Karimatu ta dube su ta dubi bangon, ta ce a hankali, "Da ka mayar da su wancan gefen, kusa da taga."

Ya zaunar da ita ya yi mata darasi a kan yadda gilashi ke ɓata sauti da yadda bango mai tsawo ke riƙe shi. Ta saurara har ƙarshe, ta buɗe baki, ta kalli ƙofar Inna, ta rufe. A kwanakin nan ne kuma ya fara mantawa da fura. Yana shigowa sai ya wuce wurin faifai ko takalmi bai cire ba, kwano mai jan fure ya wuni a kan tebur har furar ta tsinke, da magariba Karimatu ta mayar da shi a cike. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ranar da aka yi gwajin manyan, Raphaël ya zo da wani malamin lisé, wato sakandare, da ya ji labari yana so ya gani. Zafin Garwa na bazara ya sa an buɗe tagogi duka. Inna na zaune a baranda ƙarƙashin tagar tana tsinke zogale. Aka ɗora faifai. Kai, ƙahon nan ya fito kamar mutumin na tsaye a falon, har malamin lisé ya gyara zama. Ilyasu ya fara murmushi. Sai goge ta sauka, wannan karon har cikin ciki ake jin ta, abin nan kuwa ya amsa da dukan ƙarfinsa: zirrr, kararrr, zirrr. Malamin lisé ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Kunya ta kama Ilyasu, ta juye ta zama fushi. Shi kuwa in ya fusata Faransanci gudu yake ya bar shi. Da Hausa ya ɗaga murya: "Wannan ai ba kiɗa ba ne! Ƙarar tarkace ce, kamar an zubar da kwanukan ƙauye! Raphaël, kayan banza kake kawo mini ina jin kunya gaban mutane. Wallahi ko daga ina ƙarar nan take fitowa, sai na raba gidan nan da ita!"

Raphaël ya shanye, ya ce akwai wasu suna hanya daga Duwala, a jira su. A waje tsinkar zogale ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

A makon nan aka tura Ilyasu Lagdo, ya yi kwanaki yana awo a bakin kogi tsakanin duwatsu da masunta masu ƙyafe kifi, ƙarar nan na yi masa yawo a ka. Da ya dawo ya tarar Raphaël ya aiko cewa kaya sun iso, jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundare, kamiyo, babbar motar kaya, ya ƙaraso da su. Ya durƙusa a ƙofar Inna ya gaishe ta a gurguje, labule a sake, ta amsa daga ciki. Ya ga Karimatu ta yi wani iri, ta ƙi haɗa ido da shi, ya ɗauka fushin tafiya ne.

Na ukun baƙaƙe ne, ba su kai na Ingila girma ba, amma sun fi su nauyi. Aka jingina su a wuri guda, aka ɗora faifai guda. Ilyasu ya riƙe numfashi yana jiran wurin. Goge ta sauka, ta ƙara sauka, ta yi ƙasa har inda bai taɓa jin ta kai ba, babu abin da ya amsa. Shiru mai tsabta a bayan kowace tsirkiya. Ya miƙe ya rungume Raphaël. "Voilà! Ka gani? Na gaya maka kunnena ba ya ƙarya. Waɗannan na zaɓa."

Raphaël ya sosa kai ya ce shi dai bai ga abin da suka fi na Ingila da shi ba, amma mai kunne ya faɗa.

Lahadin da ta biyo Ilyasu ya tara mutane bayan azahar: Raphaël, da malamin lisé don ya wanke kansa a wurinsa, da abokan aiki. Karimatu ta soya kifin Binuwai, aka kawo lemo da ƙanƙara. Ilyasu ya tsaya gaban lasifika yana bayanin yadda ya kori guda huɗu kafin ya samu waɗannan, yadda akwai ƙarar da ba kowane kunne ke kamawa ba. Ana cikin haka aka yi sallama, sai ga Mahmudu, rigarsa duk ta yamutse da zaman mota. Ya gaisa da baƙi a tsaye ya wuce ciki wurin Inna. Ya daɗe. Ilyasu ya ji muryar Karimatu ƙasa-ƙasa a kicin, bai kula ba.

Da Mahmudu ya fito, Ilyasu ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kujerar tsakiya, wadda ba ya ba kowa. "Zauna nan ka ji abin da ba a ji a Tcholliré." Ya ɗora faifan. Aka saurara har goge ta gama nata. Ilyasu ya sunkuyo kansa yana murmushi. "Ka ji? Tas. Da can akwai wata ƙara da ta hana ni sakat, yanzu ka neme ta ka rasa."

Mahmudu bai ɗaga murya ba, shi ƙane ne, kuma akwai baƙi. Ya ce, "Na ji, Yaya. Ƙarar tana can wurinmu, ta isa lafiya. Kwalla ɗaya ce kawai ta ƙwarzane, direba ya ce a ramin Ngong ne."

Ilyasu ya tsaya da murmushin a fuskarsa, bai gane ba. Mahmudu ya ce, "Jeren Inna nake nufi. Kana Lagdo ta sauke shi, ta sa a motar goro, ba saƙo ba komai. Goggo Mairamu na ganin buhunan ta fashe da kuka. Duk unguwa an ce ka gaji da Inna. Ni an turo ni ne in zo da ita."

Faifan na ci gaba da juyawa, mai fiyano na ta abinsa. Yawancin baƙin ba su ji ba, amma Raphaël na kusa, kuma ya ji Hausa sarai. Ya dubi bangon da lasifikar ke jingine, ya dubi ƙasa. Da ma dariya ya yi, da ya fi sauƙi. Sai ya tashi ya ɗage allurar a hankali, ya ce wa mutane da Faransanci baƙo ya zo daga nesa da maganar iyali, a bar su su gana. Aka watse ana godiyar kifi. A bakin ƙofa Ilyasu ya so ya ce wa Raphaël wani abu game da kayan banza da ya kira kayansa. Raphaël ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bari, ɗan'uwa. Shiga ciki."

A kicin ya samu Karimatu. Ya ce, "Kin sani?"

"Na sani."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

Karimatu mace ce mai haƙuri, amma ranar ta ajiye shi gefe. "Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Na ce ka matsar da su, ka yi mini lakwal. Ita ta gaya wa kyanwa kana ji, ka yi dariya. Da farko tsumma ta riƙa cusawa tsakanin murfi da kwano, ta yayyaga zanenta guda a kan haka, abin ya fi ƙarfin tsumma. Kullum bayan la'asar tana tsaye ta dafa jere da hannu biyu har ka gama. Sannan furarta ta fara komawa a cike. Sannan ka ce kwanukan ƙauye, ka rantse. Me kake so ta ɗauka?"

"Ai ban san su ba ne. Da lasifika nake."

"Ni na san haka. Ita ma ta sani. Shi ya sa ba ta yi fushi ba, kunya ta ji. Ta ce kayanta sun kunyata ka gaban manyan mutane."

Ilyasu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da zagi ta aiko masa da ya samu abin riƙewa. Ya tuna labulen da yake sa a saki in baƙi za su zo, sai yanzu ya gane babu yadda za a yi a ce ba ta lura ba. Ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa. An ɗage labulen don zafi, karo na farko ya dubi ciki sosai: katakai tsirara tun daga ƙasa har sama, Inna na zaune kan tabarma ta ba ƙofa gefenta tana ninke kaya. Kyanwa na kwance a dokin ƙofa.

A Faransa ya ga 'ya'ya suna rungume uwayensu suna cewa a gafarta musu. Ya san kalmomin da harsuna biyu. Amma in ya faɗa mata kai tsaye, wata kunyar zai ƙara mata a kan wadda ya riga ya ba ta. Sai babban ma'aikacin gwamnati, da kwat ɗinsa, ya dubi kyanwa ya ce, "Ki gaya wa Inna gobe za a fitar da akwatunan nan. Za a aika a dawo da kaya. Ni zan je da kaina in ɗauko su."

Inna ta ci gaba da ninki. Can ta ce, "Karimatu, kina kusa? Ki ce masa ya bar kayansa inda suke. Mutum ya sha wahalar karatu a garin sanyi, abin da zai huta da shi ke nan, ba zan zama sanadin raba shi da shi ba."

Ya ce wa kyanwa, "Ba na son su. Wallahi ba na son su."

"Ki ce masa ya daina rantsuwa, ta yi yawa." Ta ɗaure bakin ƙunshi ta ja da haƙori. "Mairamu ta riga ta jera su a ɗakina na da, mata sun shigo sun gani. In sake saukewa a sake lodawa a mota, a ce me? A ce an kore ta an kuma dawo da ita? Ya ishe shi abin da ake faɗa. In na koma zan ce musu ni na nema, zafin Garwa ne ban iya ba."

Wato har a nan ma shi take rufa wa asiri. Ilyasu ya kifa goshinsa a jikin ƙofa. Mahmudu na tsaye a baranda yana kallon bishiyar mangwaro, bai tuna masa da cika bakin da ya yi gaban dangi ba, kuma wannan ma wani dukan ne.

Da safe suka tafi tasha. Ilyasu ya ƙwace ƙunshin daga hannun ƙanensa ya ɗora a kai, ya bi ta cikin kasuwa da shi, mutanen da suka san shi a biro suna kallo, bai damu ba. Ya samar mata gaban mota. Ta hau, ta gyara mayafi, ta dubi gilashin gaba. Ya durƙusa a gefen taya ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Inna." Ta ce wa direba, "Malam, ka ce wa wancan ya tashi, ƙasa akwai zafi. Kuma ya riƙa cin abinci, ya rame." Direba ya dubi Ilyasu bai san abin da zai yi ba, ya tayar da mota.

Bai je aiki ba ranar. Bayan la'asar Karimatu ta shiga maƙwabta, gida ya rage daga shi sai baƙaƙen akwatunan nan biyu suna kallonsa. Ya ɗora faifan, ya murɗa murya daidai inda ya saba. Bai zauna kujerar tsakiya ba. Ya cire takalmi ya shiga ɗakin Inna, abin da bai taɓa yi ba.

A nan babu ƙaho, babu fiyano, bango ya cinye su. Abin da ya rage sai dum, dum, dum, kamar ana dukan mutum a ƙirji da dunƙulen hannu, katakan jere na rawa ƙarƙashin tafinsa. Wannan ne jaz ɗin da uwarsa ta yi ta sauraro kullum bayan la'asar, a tsaye, hannu biyu a sama. A kan katakan akwai zagayen da gindin kowane kwano ya bari, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

A ƙarshen katako na tsakiya ya ga abu ɗaya da ba a ɗauka ba: kwano mai jan fure, an wanke shi an rufe. Tsakanin murfi da bakinsa an kewaya ɗan ƙyallen zanenta, an cusa shi tsaf don kada ya yi motsi.

Ilyasu ya ɗaga murfin, ya zare ƙyallen ya sa a aljihu, ya mayar da murfin. Ya zauna a ƙasa inda tabarmarta take da. Can ta bayan bango goge ta fara sauka, kwanon ya amsa shi kaɗai da 'yar muryarsa: zirrr. Ya zauna yana saurarensa, hawaye na bin fuskarsa, har faifan ya ƙare.